Gwajin ECG a asibitin sha-ka-tafi: inda ake yawan kwafsawa

Ba sabon abu ba ne a yi wa mai hawan jini ko mai ciwon suga gwajin ECG, wato gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, a asibitin sha-ka-tafi, takarda ta fito da alamar matsala. Tana yawan fitowa haka, musamman ga waɗanda shekaru suka ja. Amma matsalar takarda daban, ciwon zuciya daban, kuma a tsakanin nan ne ake tayar wa masu lafiya hankali, a sallami marasa lafiya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar rubutun da na'ura ke bugawa a saman takarda tamkar hukuncin likita. Lissafi kawai take yi, ba ta san wanda ke kwance ba. Saurayi siriri ɗan ƙwallo, zanensa kan yi tsayi saboda ba kitse a ƙirjinsa, sai na'urar ta ce bangon zuciyarsa ya yi kauri don kawai ya haura milimita 35 na ma'aunin Sokolow-Lyon, wanda ke kimanta kaurin bangon zuciya daga tsayin zanen. Ma'aunin nan yana yawan yi wa matasa baƙar fata ƙage. A auna jininsa, a tambayi tarihin gidansu, in akwai shakka a tura shi hoton zuciya na eko. Ga dattijo mai hawan jini kuwa, irin wannan zanen ba abin wasa ba ne.

Sai manna wayoyi, wanda a ganina nan ne ɓarnar ta fi muni. Wayoyi 10 ne. Mazaunin V1 da V2, wato wayoyin ƙirji biyu na farko, tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5 yake, dama da hagun ƙashin tsakiyar ƙirji, kuma da yatsa ake lalubo shi. Sau da yawa sai ka ga an manna su can sama kusa da wuya, musamman ga mata, don kunya ta hana ma'aikaci ya ce a buɗe ƙirji. Zanen da zai fito yana iya kama da na wanda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, alhali zuciyar lafiyarta ƙalau. Maganin abin a ja labule, a kira ma'aikaciya mace. Idan aka musanya wayar hannun dama da ta hagu, layin farko na zanen kifewa yake yi. Basilin a fata yana hana wayar kamawa, sai an goge da sifirit. Rawar ɗari lokacin hunturu ma tana cika takarda da ƙananan zane. A lulluɓe mutum, a sake.

Kuskuren da ke kisa shi ne akasin waɗannan. Mutum ya zo da nauyin ƙirji da gumi, takarda ta fito fes, a ce masa “Baba, olsa ce,” a haɗa shi da magani. Gwajin farko yana iya fitowa lafiya alhali jijiya na toshewa. A maimaita bayan minti 15 zuwa 30, ana shirin tura shi babban asibiti. Haka mai jego da ke haki, ƙafafunta sun kumbura: raunin zuciya bayan haihuwa sananne ne a Arewa, likitoci sun yi rubutu a kansa a Zariya tun shekarun 1970, kuma wani lokaci ECG ba ya nuna komai sai saurin bugu. Eko take buƙata.

A taɓa jijiyar hannu kafin a kunna na'ura. Bugun da ba shi da tsari a jikin tsoho yana iya zama irin wanda ke jawo shanyewar ɓarin jiki. A kuma tambayi magungunan da ake sha, domin kwinin da wasu magungunan taɓin hankali suna canza zanen.

Takardar kanta tana koɗewa, balle a zafin mota. A rubuta suna da kwanan wata, a ɗauki hotonta a waya, don likitan gaba ya samu abin kwatantawa da sabuwa.