Yadda ake gwajin alaji da ɓeran da aka kashe wa ƙwayar gado

Tun daga aikin Capecchi da Evans da Smithies, wanda ya kai su ga lambar Nobel a 2007, masu binciken garkuwar jiki suke kashe ƙwayar gado guda a ɓera don su ga abin da zai ɓace daga alajin. Daga 2013 CRISPR, dabarar yanke DNA a gyara shi, ya sauƙaƙa samar da ɓeran. Wuyar yanzu tana wajen tsara gwajin, musamman daidaita ƙwayar da aka kashe da hanyar tayar da cutar.

A fara neman amincewar kwamitin kula da dabbobin gwaji, sannan a zaɓi ƙwayar da ta dace da tambayar. Idan IL-4 aka kashe (IL sinadaran saƙo ne tsakanin ƙwayoyin garkuwar jiki), IgE, furotin ɗin garkuwa mai tayar da alaji, zai yi ƙasa ƙwarai. IL-5 ke riƙe da ƙwayoyin iyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, IL-13 kuma ke jawo majina da tsukewar hanyar iska. Kashe STAT6, furotin ɗin da ke isar da saƙon IL-4 da IL-13 a cikin ƙwayar jiki, yana toshe su a lokaci guda. GATA3, furotin mai kunna wasu ƙwayoyin gado, ba a kashe shi a duk jiki, don ɗan tayin mutuwa yake tun a ciki. Sai a bi tsarin Cre da loxP, inda sinadarin Cre ke yanke DNA ɗin da aka yi wa alamar loxP, a kashe shi a nau'in ƙwayar jiki ɗaya kawai.

Jinsin ɓeran yana canza sakamako. Jinsin BALB/c ya fi saurin samar da IgE da tsukewar numfashi, amma akasarin ɓerayen da ake samu a shirye C57BL/6 ne, ko tsofaffin layi masu jinin jinsin da ake kira 129. Mai son mayar da layi zuwa BALB/c zai yi ta haɗa shi da tsantsar jinsin har sau 10, aikin da kan kai shekara biyu. Ko an yi hakan, yankin da ke kewaye da ƙwayar da aka kashe yakan zo da gadon tsohon jinsin. Wannan abin lura ne a kiromosom na 11, inda IL-4 da IL-5 da IL-13 suke maƙwabtaka.

Ɓerayen kwatanci su zama 'yan ciki ɗaya da na gwajin. A haɗa iyaye masu kwafi ɗaya lafiyayye da ɗaya matacce: kusan kashi 25 cikin ɗari na 'ya'yan za su fito babu ƙwayar, wani kashi 25 kuma lafiyayyu. Sayo lafiyayyun daga waje kuskure ne babba, domin ƙwayoyin cutar hanjinsu daban ne, kuma wannan kaɗai na iya kawo bambancin da za a ɗora wa ƙwayar gadon. A ɗebi ɗan naman kunne lokacin yaye, wajen kwana 21, a tantance da PCR, gwajin DNA. A yi aiki da masu sati 6 zuwa 8, maza da mata a lissafa su daban, don matan sun fi nuna kumburin huhu.

Hanyar da aka fi sani ta asma ita ce ta furotin ɗin farin ƙwai, OVA. Ranar farko da ta 14 a yi allura a kogon ciki: maikirogiram 10 zuwa 20 na OVA gauraye da miligiram 1 zuwa 2 na alum, sinadarin da ke ƙara zaburar da garkuwar jiki. Bayan sati ɗaya ko biyu a shaƙa musu feshin OVA mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, minti 20 zuwa 30, kwana uku a jere. Awa 24 zuwa 48 bayan na ƙarshe a auna numfashi da metakolin, maganin da ke tsuke hanyar iska, a wanke huhu da ruwan gishiri na PBS mai sanyi rabin mililita zuwa ɗaya, a ƙirga iyosinofil, a auna IgE a jini, a rina yankan huhu da rinin PAS don ganin majina. Mai ƙirgar kada ya san wane ɓera ne wane.

A nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Alum yana da ƙarfin da kumburin kan zo ko babu IgE, ko babu ƙwayoyin mast, waɗanda ke zubo sinadaran alaji. Wanda ya kashe mai karɓar IgE, ya bi wannan hanya, ya ga huhu cike da iyosinofil, zai ɗauka ƙwayar gadon ba ta da aiki, alhali hanyar ce ta tsallake ta. Tambayar da ta shafi ƙwayoyin mast tana son OVA ba tare da alum ba. Wadda ta shafi IL-33 ko TSLP kuwa, sinadaran saƙon da fatar hanyar iska ke fitarwa, ruwan ƙwaron ƙurar gida ake ɗigawa a hanci, kamar maikirogiram 25 sau biyar a sati, tunda ta fatar hanyar iska yake shiga. A auna gubar LPS ta ƙwayoyin bakteriya a kowane sabon kayan OVA ko ruwan ƙwaron: kaɗan tana taimakon alajin, mai yawa tana juya kumburin zuwa na nutirofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini daban.

Gwajin anafilaksis, wato alaji mai tsanani da ke kama duk jiki nan take, ma yana da tarkonsa. Ɓera yana da hanya ta biyu ta IgG, wani furotin ɗin garkuwa daban, da sinadarin kumburi na PAF, shi ya sa wanda ba shi da IgE ma yakan faɗi. Don ware hanyar IgE, a ba shi IgE mai gane wani ƙaramin sinadari mai suna DNP, bayan awa 24 a sa masa DNP-HSA, wato DNP manne da furotin ɗin jinin mutum, ta jijiya, a riƙa auna zafin jikinsa ta dubura duk minti 10 na tsawon awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Hawan mMCP-1, furotin ɗin da ƙwayoyin mast ke fitarwa, a jini ke tabbatar da cewa ƙwayoyin mast sun zubar da kayansu.

Idan layin sabo ne na CRISPR, kada a yi gwaji da ɓerayen farko. Sau da yawa jikinsu gauraye ne, wasu ƙwayoyin an gyara, wasu ba a taɓa ba. A haɗa su da lafiyayyu, a karanta jerin DNA na 'ya'yan, a kuma tabbatar furotin ɗin kansa ya ɓace kafin a fara allura.