Babi na Biyar: Wankin Mota Ba Tare da Ɓata Fenti Ba

An shirya wannan babi ne domin ɗalibanmu masu sana'ar wankin mota, da direbobin gida waɗanda aka damƙa wa kula da motar maigida, da duk wanda ke wanke tasa da hannunsa. A karanta shi a hankali, layi bayan layi. Wanda bai gane wata kalma ba ya tsaya ya tambayi malamin ajinsa, babu kunya a cikin tambaya. Da yawanku kun shekara kuna wannan aiki, hannunku ya saba da shi, abin da muke so kawai shi ne mu gyara wasu kurakurai da suka zama jiki har ba a ganinsu a matsayin kuskure.

Darasi na 1: Fentin mota hawa uku ne

Ido yana ganin fentin mota kamar abu ɗaya, amma a motocin zamani hawa uku ne. Na ƙasa shi ne shimfiɗar da ke kama jikin mota, tana taimakawa wajen hana tsatsa. Na tsakiya shi ne launi, baƙi ko fari ko ja. Na sama kuwa ba shi da launi ko kaɗan, garai yake kamar gilashi, masu fenti suna kiransa kiliya, kuma duk sheƙin da kuke gani a jikin sabuwar mota daga gare shi yake fitowa.

Ku kama takardar wannan littafi guda ɗaya tsakanin yatsunku biyu. Kaurin hawa ukun nan idan an haɗa su bai fi na wannan takarda da yawa ba, kiliya ita kaɗai kuwa sau da yawa ba ta kai kaurin silin gashi ɗaya ba. Saboda haka duk lokacin da kuka ɗora hannu a kan mota, a kan wannan 'yar siririyar fata kuke aiki, kuma abin da ya kankare daga cikinta ba ya dawowa sai an koma wurin mai fenti.

Darasi na 2: Kada a goge mota a bushe

Daga watan Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta zuba mana a kan komai. Wannan ƙura laushi gare ta a hannu, amma a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Idan direba ya fito da safe ya ga motar ta yi fari fat, ya ɗauki busasshen tsumma ya bi jikinta da shi, to ya tura yashin nan ne a kan fenti, kamar mai goge ƙwarya da sanfefa.

Ku je ku tsaya kusa da baƙar mota da tsakar rana, ku dubi inda hasken rana ya faɗo a kan bonet. Za ku ga siraran zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Ba tsufa ba ne ya kawo su, tsumma ne. Doka ta farko ke nan: ruwa ne zai fara taɓa mota kafin hannu. A watsa mata ruwa da tiyo ko injin feshi tun daga rufi har ƙasa, sai ƙurar da za ta iya sauka da kanta ta sauka, sannan a kawo soso.

Darasi na 3: Bokiti biyu

Wannan shi ne darasin da ya fi kowane muhimmanci a babin, kuma a nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka za mu daɗe a kansa.

A tanadi bokiti biyu, ba ɗaya ba. A zuba ruwa da sabulu a na farko. A zuba ruwa zalla a na biyu, ba tare da ko ɗigon sabulu ba. Idan launin bokitan ɗaya ne, a ɗaura wa na ruwa zalla ƙyalle a marikinsa, ko a rubuta 1 a jikin na sabulu, a rubuta 2 a jikin na ruwa. Kun riga kun iya rubuta waɗannan lambobi tun babi na farko, ga ranar amfaninsu ta zo.

Ga yadda hannu zai tafi. A tsoma soso a bokiti na 1, ya ɗauko kumfa. A wanke wuri ɗaya kawai, misali rabin rufi, ana jan soson a miƙe, gaba da baya, ba tare da dannawa ba. Daga nan sai a tsaya. Kada a mayar da soson cikin bokiti na 1. A kai shi bokiti na 2, a jujjuya shi a cikin ruwan, a murza shi da yatsu har yashin da ya kwaso ya zube, a matse shi. Bayan an matse ne za a koma bokiti na 1 a ɗauko sabon kumfa.

Mu sake faɗa. Daga mota, soso bokiti na 2 yake zuwa. Daga bokiti na 2 ya tafi na 1. Daga na 1 ya koma jikin mota. Ku faɗa da baki tare da malaminku sau uku: mota, biyu, ɗaya, mota.

Dalilin abin a fili yake. Soson da ya taso daga jikin mota ɗauke yake da yashi. Idan ya faɗa cikin ruwan sabulu kai tsaye, yashin ya zauna a can, kuma duk tsomawar da za a yi nan gaba yashi ake ɗebowa ana mayarwa kan fenti. Wanda ya yi haka ya wanke mota da ruwan yashi, ko da kumfar ta kai masa gwiwar hannu. Idan kuna son shaida, ku leƙa gindin bokiti na 2 bayan kun gama mota ɗaya, ku shafa da yatsa, ku ji abin da ya kwanta a wurin. Duk wannan da a kan motar mutane zai ƙare. Akwai wata 'yar raga ta roba da ake sayarwa, ana dasa ta a gindin bokiti domin yashi ya faɗa ƙarƙashinta, soso bai taɓa shi ba. Wanda ya samu ya sa. Wanda bai samu ba, kada ya bar soso ya kai gindin bokiti, kuma da ruwan ya yi duhu a zubar a sake sabo.

Kada wanda ya karaya idan ya manta a ranar farko. Hannun da ya shekara goma yana komawa bokiti ɗaya ba zai canza a yini guda ba. Idan kun ankara kun tsoma a na 1 kafin na 2, ku zubar da ruwan sabulun, ku haɗa wani, ku ci gaba.

Sai dai akwai abin da dole mu faɗa. Mun ziyarci wuraren aikin wasu ɗalibai bayan mun yi wannan darasi da su har sau uku, muka tarar da bokiti na 2 an kife shi ana zama a kai. Wani ya ce layin motoci ya yi yawa, wani ya ce ruwa da tsada. Wannan ba hujja ba ce. Ɗauraye soso ba ya cin daƙiƙa goma, kuma kuɗin bokitin ruwa ɗaya bai kama ƙafar kuɗin fentin ƙofa ɗaya ba. Mai mota ya ba ku amanar dukiyarsa, ya tafi masallaci ko kasuwa bai tsaya a kanku ba, ku kuma kun san abin da yashi ke yi tunda an gaya muku. Wanda bai sani ba yana da uzuri, ku yanzu ba ku da shi. Mota, biyu, ɗaya, mota.

Abu uku suka rage. Ana farawa daga sama a gangaro ƙasa, domin ƙasan ƙofofi da bamba su suka fi datti. Taya da wili kuma nasu soso daban, nasu bokiti daban, saboda baƙar ƙurar birki tana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe. Soson da ya faɗi ƙasa kuwa, ba ya komawa jikin mota sai an wanke shi tas, a bokiti na 2.

Darasi na 4: Sabulu da yadda ake karanta gorarsa

Garin sabulun wanki da muke kira omo an yi shi ne domin tufafi, na wanke-wanke kuma domin ya cire maiƙo daga kwanuka. Ƙarfinsu ya yi wa fenti yawa, suna wanke waks ɗin da aka shafa, wato kakin da ke rufe fenti ya kare shi, suna sa baƙaƙen robobin mota su yi fari-fari. Garin da bai gama narkewa ba kuma yana karce fenti. A nemi sabulun ruwa da aka yi domin mota. Kamfanoni irin su Turtle Wax da Meguiar's na Amurka da Sonax na Jamus duk suna yin sa, akwai kuma masu sauƙin kuɗi.

Ku juya gorar ku nemi haruffa biyu, ƙaramin p da babban H. Wannan ma'aunin kaifin ruwa ne, daga 0 zuwa 14, kuma 7 shi ne tsakiya. Sabulun da ke kusa da 7 shi ake so.

Za ku iya ganin lambobi biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu, kamar 1:200. Ma'anarsa awo 1 na sabulu a cikin awo 200 na ruwa. Idan ruwanku lita 10 ne, wato daidai da ledar fiya wata 20, sabulun da za ku zuba mililita 50 ne, babban cokali uku da ɗan ƙari. Yawan kumfa ba shi ne tsafta ba. Kuma komai tsadar sabulun, idan babu bokiti na 2 an yi asarar kuɗinsa.

Darasi na 5: Inuwa da tsanewa

Ba a wanke mota a rana, ba a kuma wanke ta bonet na da zafi. Ruwan rijiya da na burtsatse yakan ƙunshi gishirin ƙasa, idan ya bushe da kansa sai ya bar fararen ɗige-ɗige masu wuyar fita. Da an ɗauraye a tsane nan take da tawul mai laushi da ake kira maikurofaiba, a shimfiɗa shi a jawo a hankali. Tsohuwar singileti da buhu ba kayan tsane mota ba ne.

Kashin tsuntsu yana cin kiliya, musamman a zafi. A jiƙa shi ya yi laushi sannan a ɗauke, kada a kankare.

Darasi na 6: Laka, folish da waks

Idan an wanke mota amma tafin hannu yana jin kaushi a jikin fenti, akwai wata laka ta musamman da ake sayarwa. Ana fesa ruwan sabulu, a ja ta a kai har wurin ya yi sumul. Idan ta faɗi ƙasa, a jefar.

Folish da waks ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a bakin mutane duk folish ne. Folish yana cin kiliya kaɗan domin ya shafe zane, don haka ba a yin sa kowane wata. Waks ba ya cin komai, rufi ne a kan fenti. A jikin gwangwaninsa za ku ga haruffa uku, W da A da X. Mai kyansa ana haɗa shi da kakin kanuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil. A shafa shi siriri a inuwa, a bari ya yi hazo, a goge da tawul mai tsabta. Idan ruwa ya daina dunƙulewa a kan fenti, lokacin sakewa ya yi.

Darasi na 7: Inji da seramik

Injin folish mai juyawa wuri ɗaya yana iya ƙona fenti a gefen ƙofa cikin ɗan lokaci. Mai koyo ya fara da mai juyawa yana karkarwa, a kan tsohon bonet da aka cire. Ruwan seramik, wani rufi mai tauri da ake shafa wa fenti, ya fi waks daɗewa, amma duk zanen da ya tarar zai rufe shi a ciki, don haka a bar wa wanda ya ƙware.

Mako mai zuwa kowa ya zo aji da bokiti biyu da soso ɗaya.