Kafin ka kafa fankar lantarki ta iska a gida

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu shirin sa fankar iska, wato wadda iska ke juyawa ta samar da lantarki, don cajin batir, ku kula da tsayin turken fiye da girman fankar. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce fikafikan su zarce duk wani gini ko itace da ke cikin mita 150 da aƙalla mita 9. Iskar ƙasa-ƙasa a hargitse take, can sama ne take gudu sosai. Kuma in gudunta ya ninka, ƙarfinta yakan ninka sau takwas.

Ni a bayan gidanmu nan Ringim na fara kafa tawa, kusa da darbejiya. Sai dai ta yi ta waige-waige, batir bai taɓa cika ba. Don gwada wuri, ɗaura tsumma a bisa doguwar gora ka ɗaga. In yana miƙewa sambal, wurin ya yi. In yana nannaɗewa, matsa gaba. A duba kar wani abu ya tare iska ta ɓangaren arewa maso gabas saboda hunturu, da kudu maso yamma saboda damina.

Kar a ɗora fankar kan soro, girgizarta na tsaga katangar ƙasa. A ɗaure turken da wayoyi, a kuma binne wayar tsawa, wadda ke kai tsawa cikin ƙasa, tun kafin hadarin farkon damina.