Kada ka kunna babbar inbata don cajin waya ɗaya

Ƴan uwa masu sola a Maradi, in dare ya yi kuma waya kaɗai za ka caja, kashe inbata. In batirinka na volt 12 ne, sayi cajar mota ta volt 12, ka jona ta ga batir kai tsaye, da fis a tsakani.

Inbata ko ba kaya a kanta, na'urorin cikinta na kunnawa suna kashewa sau dubbai a daƙiƙa, kowane bugu na cin wuta. Mai wat 1000 takan sha wat 10 zuwa 20 a banza, waya kuwa wat 5 zuwa 10 ta ishe ta. Taɓa jikinta da asuba, za ka ji ɗumi. Batirinka ne ya tafi nan.

In taka na da maɓallin ECO, wanda ke sa ta barci har sai an jona mata kaya, danna shi. Sai dai ƙaramin ƙwan LED ba ya tada ta wani lokaci, ya yi ta ƙyaftawa. Mai firij kuma, bar ta kunne.