Bari Yaro Ya Karanta Kodin Kafin Ka Ce Ya Rubuta

Malam, idan an damƙa maka ajin kwamfuta, kada ka fara da cewa "kowa ya kunna ya rubuta". Yaron da bai taɓa karanta manhaja ba kwafa kawai zai yi daga allo, harafi bayan harafi, ya danna, abu ya fito, ya yi murna. Gobe ka canza lamba ɗaya, sai ya tsaya cak. Ko a makarantar allo ba a miƙa wa ƙolo alƙalami ranar farko; sai ya bi bakin malam, ya yi babbaƙu da farfaru, kafin a bar shi ya rubuta allonsa.

Ƙananan yara da Scratch nake fara musu, harshen haɗa manhaja na yara wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. Tubala ake ja ana jonawa, kuma akwai wanda ake saukewa ya yi aiki ba intanet. 'Yan babbar sakandare kuwa Python ne, harshen da ake rubuta umarninsa layi-layi. Ga yadda darasin yake tafiya.

Ɗauki alli ka rubuta wannan, kwamfutoci a kashe. In NEPA ta ɗauke wuta ma ba ka yi asarar komai ba.

kudi = 500
for rana in range(3):
    kudi = kudi - 100
print(kudi)

Sai ka tambaya: me zai fito? Kowa ya rubuta amsarsa a takarda. Kada ka karɓa da baki, don masu zaƙewa biyu ne za su amsa, sauran su ce "haka ne". A takarda za ka ga 400, za ka ga 200, wani ma 100 zai sa, don ya ji an ce kwamfuta daga sifili take fara ƙirga, ya ɗauka zagaye huɗu za a yi, alhali range(3) na nufin a maimaita layin da ke ƙasansa sau uku. Kuma ba a rasa wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, layi na uku ai ƙarya ne. Ta yaya kuɗi zai yi daidai da kansa bayan an cire ɗari?" Ka tsaya a kan tambayar nan, ko da za ta cinye rabin lokacin. A lissafi yaron yana da gaskiya. Amma a Python alamar = umarni ce: lissafa abin da ke dama, ka ajiye shi a sunan da ke hagu. Wanda bai gane wannan a makon farko ba, zai yi ta tuntuɓe har ƙarshen zango, kai kuma kana zaton rashin ƙoƙari ne.

Daga nan ku zana jadawali, gefe ɗaya rana, gefe ɗaya kudi, ku bi layi-layi kuna cikewa: 0 da 400, 1 da 300, 2 da 200. Yanzu ne za a kunna a gwada. Bayan 200 ta fito, ka sa su tura layin print ciki ya daidaita da na samansa, su sake hasashe kafin su danna. Ka sa su mai da 3 ta koma 6, su ga an shiga bashin ɗari. Sai a ƙarshe kowa ya rubuta nasa, misali na lissafin kuɗin adaidaita sahu na mako guda. Wannan jeri na hasashe, gwaji, bincike, gyara, sannan ƙirƙira, Sue Sentance da abokan aikinta a King's College ta Landan suka tsara shi a 2017 da sunan PRIMM. Ranar da babu wuta gaba ɗaya, yanka layukan wata manhaja a takarda ka cakuɗa, su jera su daidai. Dale Parsons da Patricia Haden na ƙasar Niyu Zilan ne suka gabatar da dabarar a 2006, kuma almakashi kaɗai take buƙata.

Abin da ya fi wuya na malami ne. Jan rubutu mai nuna an yi kuskure ya bayyana, yaro ya kira ka, hannunka na ƙaiƙayi ya karɓi kibod. Goya hannayenka a baya. Ka ce ya karanta saƙon da ƙarfi, daga layin ƙarshe, don nan Python ke faɗin laifin. In NameError ne, sau da yawa ya rubuta Kudi a wani wuri, kudi a wani. Tambayoyi uku nake yi: me kake so ya yi, me ya yi, wane layi aka ambata? Yawanci kafin a kai ta uku sai ka ji "Au!", ya juya ya manta da kai. Gyaran da ka yi masa cikin daƙiƙa goma, jibi zai sake kiran ka a kansa.

Ƙarancin kwamfuta ba ya damuna sosai. Biyu-biyu nake zaunar da su, ɗaya na bugawa, ɗaya na karantawa yana faɗin abin da za a yi. Amma da agogo ake musanya, duk minti goma, in ba haka ba mai ƙarfin hali zai riƙe kibod, mai kunya ta zama 'yar kallo.

Minti biyar na farkon kowane darasi na bita ne, littafi a rufe: tambaya ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya. Suna ƙorafi, amma tunowa da ka ta fi sake duba littafi zama a ƙwaƙwalwa. Mai wayar Android ya sauke Pydroid 3, manhajar rubuta Python a waya, ya riƙa gwadawa a gida.

Za su kawo maka aikin da ChatGPT ya rubuta musu. Ba na hanawa, ba na kuma yin faɗa. Nakan sa yatsa a kan layi ɗaya in ce, "In na goge wannan, me zai faru?" Ya faɗa, mu goge, mu gwada. In ya canka, makinsa ne. In bai canka ba, ya koma ya zana jadawali.