Kurakuran da ake maimaitawa wajen tayar da shago bayan gobara

Daga lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa a Nuwamba har zafin Maris ya shigo, da wuya shekara ta wuce ba mu je jajen gobara ba. A 2016 babbar kasuwar Birnin Kebbi ta ƙone, a shekarar da ta Sabon Gari a Kano ita ma ta ƙone, kuma tun daga nan ƙananan gobara na layin shaguna ba su daina ba. Jaje wajibi ne, Allah Ya mayar da alheri. Abin da ya ishe ni shi ne abin da ke biyo bayan jajen. Mutum zai tashi cikin gaggawa ya sake gina shagon da ya ƙone daidai yadda yake, da tsohon bangonsa, da irin wayarsa, da silin ɗinsa, ya zuba kayan bashi a ciki. Ni kayan wasanni nake sayarwa, ƙwallo da riguna da takalma da raga da kofuna, kuma wuta ta taɓa cin shagona ƙurmus. Abin da zan faɗa nan yadda nake yi ne, wani yana iya samun tasa hanyar.

Kuskuren farko tun toka ba ta huce ba ake yin sa. 'Yan'uwa da maƙwabta sun zo da shebur da baro, kowa yana son ya nuna zumunci, kafin azahar an share wurin tas. To da me za ka nuna abin da ka rasa? Ka dakatar da su cikin ladabi. Ka ɗauki hoto da bidiyo na kowane lungu, da ƙofar, da mitar wuta, da ragowar kaya. Ka je ofishin 'yan kwana-kwana ka nemi rahoton gobarar a rubuce, ka kai rahoto wurin 'yan sanda. Idan jami'an SEMA ko NEMA, hukumomin ba da agajin gaggawa na jiha da na ƙasa, suka zo ƙididdiga, ka tabbata sunanka da lambar shagonka sun shiga. Sannan ka tsaya ka duba inda wutar ta taso, domin wanda bai san ta ina ta shigo masa ba, zai sake bar mata wannan ƙofar.

Idan haya kake, kada ka sayi bulo ko ɗaya sai kun zauna da mai shago gaban shaidu an rubuta wa zai gina, kuma idan kai ne, shekara nawa za a cire maka daga kuɗin haya. Na ga wanda ya gina da jarinsa, yana gama fenti aka ƙara masa haya saboda shago ya zama sabo.

Yanzu ga kuskuren da ya fi ci mini rai, wato shafe a kan bangon da ya sha wuta. Bayan gobarata bango yana tsaye, baƙi ƙirin amma a tsaye. Birkilan da aka kawo mini ya zagaya, ya dafa shi da tafin hannu, ya ce, "Alhaji, ginin ga lahiya lau shike, shahe kawai shika so." Aka yi filasta, aka yi fenti, kafinta ya kafa kantoci a jikin bango, na ɗauko kaya daga Kano rabi bashi. Ruwan farko na damina yana sauka, tsaga ta fito daga kusurwar linta ta gangaro har ƙasa. Filasta ta fara kumbura tana faɗowa falle-falle. Wata safiya yarona ya buɗe ƙofa ya tarar da kantar sama ta tsige daga bango da ƙusoshinta, kwalayen takalma da kofuna a warwatse, waɗansu kofunan sun lotse. Na ɗauki guntun bulon da ya biyo ƙusa, na matsa shi a hannu, ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Sai da na kwashe kaya, na rufe shago a karo na biyu, na rushe, na biya kuɗin gini sau biyu, masu kaya a Kano kuma suna jiran kuɗinsu.

Dalilin a fili yake ga wanda ya tambaya. Ƙarfin siminti yana cikin haɗuwarsa da ruwa, wuta kuma tana korar ruwan nan ta warware haɗin. Daga wajen digiri 300 kankare yake fara sauya launi zuwa ja-ja, ƙarfinsa yana raguwa. Rodi idan ya kai digiri 550 zuwa 600 kusan rabin ƙarfinsa ya tafi a wannan lokacin, idan ya lanƙwashe a haka ko ya huce ba zai miƙe ba, kamun da ke tsakaninsa da kankare kuma ya saki. Shagon da ke cike da roba da soso da leda yana wuce wannan zafin ba da wata wahala ba. Ga alama mai sauƙi: alminiyam yana narkewa a digiri 660, don haka idan ka ga firam ɗin taga ko na gilashin kanta ya narke ya zuba a ƙasa, ka san abin da bangon da ke kusa da shi ya sha. A kan wannan kuma aka watsa masa ruwa yana da zafi, ya tsattsage ta ciki inda ido ba ya gani.

Ni yanzu ko shagon wa aka kira ni in duba, guduma nake ɗauka. A kankare tsohuwar filasta a ga bulo tsirara. A bi shi ana ƙwanƙwasawa: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya mutu sai ka ji buf-buf. A gwada karta shi da ƙusa mai inci huɗu, idan ta shiga tana zubo da gari, a rushe har zuwa inda ƙara ta gyaru. Idan kuwa shagon mai dekin ne, wato rufin kankare, ko akwai bene a samansa, maganar ta fi ƙarfin birkila da guduma, injiniyan gini za a kira, a biya shi, a ji abin da zai ce game da ginshiƙai. Sabon ginin kuma a ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7. A zafin Birnin Kebbi na Maris da Afrilu, da ake haura digiri 40, siminti yana bushewa kafin ya kama, ni har jiƙaƙƙen buhu nake rufa masa. Sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, kada a ɗora masa kaya yana kwana uku don ana sauri.

Kwanon da ya sha wuta ka sayar wa 'yan gwangwan, abin da ke hana shi tsatsa ya ƙone, damina ɗaya zai huje. Katakon da ya yi gawayi a waje shi ma haka.

Tunda ana gini, a ɗaga bangon da ke tsakaninka da maƙwabci har ya taɓa kwano. Yawancin layukan shagunanmu bango yana tsayawa ne a daidai silin, sama kuwa rami ne guda ɗaya daga farkon layi zuwa ƙarshensa. Ta nan wuta take bi ta faɗo wa wanda ke shago na goma alhali a na farko ta tashi. Layi uku ko huɗu na bulo ne kawai. Silin na roba kuma, duk kyansa, narkewa yake yana ɗigo da wuta a kan kaya, hayaƙinsa yana shaƙe mai ƙoƙarin shiga ceto. Ni na daina sa shi.

Sai wayarin, kuma a nan zan yi faɗa. Kai da ka kashe kuɗi a tayil mai sheƙi da allon suna mai fitilu, da aka zo kan waya sai ka ce a nemo mai araha, a kira yaron nan na bayan layi ya haɗa? Haba ɗan'uwa! Me ya ƙone ka tun farko? Na shiga wani shago da aka gyara, na leƙa saman silin, na ga tsohuwar wayar da ta tsira daga wuta an murɗe ta da sabuwa an naɗe da salatif. Mai shagon ya ce mini ai tana kawo wuta. Tana kawowa mana, amma robar jikinta ta gasu ta yi tauri, lanƙwasa ɗaya za ta tsage, kuma a cikin duhun silin za ta tsage inda babu mai gani. A zare tsohuwar waya gaba ɗaya, har wadda ke cikin bututu a bango, da soket da makunni da akwatin rarraba wuta.

Wajen sayen sabuwa ka je da kanka. Ka sa a yanko maka guntu, ka kankare bakin da wuƙa. Tagulla ta gaske ja ce har ciki. Idan ka ga fari a ƙarƙashi, alminiyam ne aka yi wa wanka, idan maganaɗisu ya kama ta, ƙarfe ne. Fitilu waya mai lambar kauri 1.5, soket mai 2.5, na'urar sanyaya ɗaki ko wani abu mai jan wuta a ja masa layinsa daban da mai 4. Kowane layi da birekarsa, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, daidai ƙarfin wayar. Bireka idan tana faɗuwa magana take yi maka, kada ka sa a canza ta da babba don ta yi shiru, balle a ɗaure fis da waya mai kauri, wannan ganganci ne da dukiyar maƙwabta. A kafa sandar as a ƙasa, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. Babban makunni kuma a sa shi dab da ƙofa, inda hannu zai kai lokacin rufewa, domin gobarar kasuwa da yawa cikin dare take tashi, an dawo da wuta babu kowa, fanka ko caja ko hita na kunne tun rana. A shagona wanda ya sa kwaɗo shi ke kashe makunnin, kuma sai ya kira ni ya faɗa.

Masu sola, batir ba a cusa shi ƙarƙashin kanta a jibga masa kwali. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta idan yana caji, yana son wuri mai shan iska, da fis a kan wayar da ta fito daga jikinsa. Janareto da jarkar fetur kada su kwana a cikin shago. Tukunyar kashe gobara mai hoda, ta kilo 6 ko 9, a rataye ta kusa da ƙofa, a riƙa duba allurarta tana kan kore, a koya wa yaran shago zare fil ɗinta. Bokitin yashi a gefe. Kada a watsa ruwa a wutar lantarki ko ta fetur. Kada a yi fenti kan baƙin hayaƙi ba a wanke ba, zai huda fentin ya fito, warin kuma ya kama rigunan da ka rataye.

Kuɗin da ya shigo hannu, na gudummawar 'yan'uwa da na abin da aka sayar, mutane suna zuba shi duka a gini, ranar buɗewa shago yana ƙyalli kantoci babu kaya. Ni kashi uku nake raba shi, ɗaya gini, biyu kaya, idan ginin ya nemi ya wuce nasa sai tayil da ado su jira, bango da waya ba sa jira. Tallafin gwamnati idan ya zo alhamdu lillahi, amma kada ka ci bashi da sunansa. Masu ba ka kaya a Kano ko Legas ko Anacha kuwa, ka kira su tun a makon farko, kafin su ji a bakin wani. Wanda ya kashe waya don kunya shi ne ake daina ba kaya. Kuma kafin gini ya ƙare ka kafa tebur da rumfa a kusa, ka rubuta lambarka a bango da manyan baƙaƙe. Mu masu kayan wasanni, malamin wasanni da ya zo neman riguna don gasar makaranta ya tarar da kango, wani shagon zai tafi, kuma badi can zai koma.

Kayan da suka tsira kada ka cusa su cikin sababbi. Takalmin ƙwallo da ya ji zafi yana nan da kyansa a kwali, amma gam ɗin ya saki, yaro zai buga wasa ɗaya tafin ya ɓalle, ƙwallo kuma ta ƙi riƙe iska. Ka ware su, ka faɗi gaskiya cewa na gobara ne, ka karya kuɗin. Akwai masu saye da murna.

Littafin bashi da rasit da takardar shago su daina kwana a durowa. Duk yamma a ɗauki hoton shafin ranar a tura wa wani amintacce a WhatsApp, ainihin takardun kuma a gida. Kuɗin ciniki ma haka, banki ko gida.

Maganar inshora da yawanmu muna kauce mata saboda shubuha. Akwai takaful, tsarin taimakekeniya da aka gina bisa shari'a, wanda NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi da ke yin sa. Ka tambayi malaminka, ka karanta takardar kafin ka sa hannu, ka duba ko ta haɗa gini da kaya ko ɗaya ne kawai. Kuma ka rubuta ainihin darajar kayanka. Idan kayan na miliyan 10 ne ka rubuta miliyan 5 don gudummawarka ta yi sauƙi, ranar da wuta ta ci na miliyan 4, miliyan 2 za a lissafa maka.