Kurakuran da muke yi a gidajen sama na Yamai, da yadda za a gyara su kafin wuta ta tashi

Aikin wutar lantarki nake yi, kuma a shekarun nan yawancin kiran da nake samu daga gidajen sama ne, irin waɗanda ke ta tsirowa a Plateau, Koira Kano da Yantala: hawa uku, hawa biyar, ƙasa kantuna, sama ƴan haya. Mu mutanen Yamai ba baƙin gobara ba ne. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka buɗe wadda muke shiga yau, kuma ba wanda ya manta da yara 20 da wuta ta ritsa da su a azuzuwan zana na unguwar Pays-Bas a watan Afrilun 2021. Amma gobarar da muka saba da ita ta ƙasa ce: ka ruga waje, ka haura katanga, maƙwabta su taho da bokitai. A hawa na huɗu babu katangar haurawa. Matakala ce kaɗai hanyarka, kuma ita muka fi wulaƙantawa.

Kwanakin baya na je gyara a wani gida mai hawa huɗu. Ƙarƙashin matakala na tarar da babura biyu, da bidon esansi, da buhun gawayi, da tsohuwar katifar soso an jingine ta da bango, daf da allon kwantoci. Ƙofar ƙarfen fita kuwa da ƙaton kwaɗo. Na ce wa mai gadi: "Baba, da dare ana rufe nan?" Ya ce: "Ƙarfe goma sha ɗaya nake datsewa, Malam, Alhaji ne ya ce, saboda ɓarayi." Na ce makulli fa? Ya daki aljihunsa. Ɗaya ne tak, kuma shi Baba yakan tsallaka titi wurin mai shayi. Iyali takwas ke kwana a saman wannan kwaɗon. Na kwana ina tunanin gidan, don na san abin da katifar soso ke yi in ta kama: hayaƙi baƙi ƙirin mai guba, kuma matakala tana zuƙar sa sama kamar bututu.

Tsoron ɓarawo gaskiya ne, ba wanda zai ce a bar ƙofa a hangame. Abin da ake yi shi ne a sa makullin da daga waje sai da ɗan makulli, daga ciki kuwa murɗawa kawai ake yi ko turawa. In hakan bai samu ba tukuna, kowane gida ya riƙe nasa makullin a rataye kusa da ƙofa, inda ko yaro ya sani. Matakala kuma a share ta fes, ko tukunyar fulawa kada a bari. A Johannesburg ta Afirka ta Kudu, ranar 31 ga Agustan 2023, mutum 76 suka mutu a wani gini mai hawa biyar, kuma ƙofar da aka datse tana cikin abin da ya hana mutane fita. Ƙarafunan taga ma haka suke: a kowane gida a bar taga ɗaya wadda ƙarfenta ke buɗewa daga ciki, don ta nan ne tsanin ƴan kashe gobara zai iske ka.

Kuskuren da ke biye wa wannan a cikin kai yake. Mutane suna ɗauka harshen wuta ne ke kisa, alhali hayaƙi ke riga shi. Wanda wuta ta tashi a ɗakinsa yakan fita a guje ya bar ƙofa a buɗe, sai hayaƙin ya cika matakala ya tare duk na sama. In ka fita, ja ƙofar ta rufu a bayanka, ba tare da ka murɗa makulli ba. Wannan ɗan motsin yana iya saya wa maƙwabtanka mintuna masu tsada. In akwai hayaƙi kaɗan, sunkuya, iska mai kyau tana ƙasa. Kada ka shiga asansar ko da kana ganin tana aiki, ana ɗauke wuta ka maƙale. In kuwa ka buɗe ƙofarka ka ga matakala ta toshe da hayaƙi, kada ka kutsa. Koma ciki, rufe, jiƙa zane ka cusa ƙarƙashin ƙofa, kira 18, lambar ƴan kashe gobara, ka tsaya bakin taga a gan ka. Kuma don Allah kada a koma ɗauko takardu ko zinari.

Yanzu ga inda na fi sani, kuma inda raina ya fi ɓaci. Mai gida zai kashe miliyoyi a tayil da fenti, in aka zo kan waya sai ya ce a nemo mai sauƙi, tunda cikin bango za ta shiga ba mai gani. Waya mai kaurin 1,5 ta fitilu ce, 2,5 ta kafofin jona kaya, kilim kuwa layinta daban take so da na'urar tsinke wutarta daban. Amma sau nawa na kwance bango na ga kilim biyu da firigo a kan siririyar waya ɗaya, robarta ta yi baƙi ta ƙanƙance? A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 kuma komai na kunne dare da rana, a lokacin ne irin wannan waya ke gajiya.

Mafi muni shi ne abin da ake yi wa disjonktar, wato na'urar tsinke wuta. Tana faɗuwa, Hajiya ta kira yaron unguwa ta ce ya "gyara ta daina damun mu". Shi kuma ya cire mai amfiya 16 ya sa mai 32, ko ya haɗe ta da guntun waya. Ta daina faɗuwa kam. Amma ita faɗuwar nan magana take yi, tana cewa kayan sun fi ƙarfin waya. Ka toshe mata baki, sai wayar ta ɗauki zafin a cikin bango inda ba ka gani. Gyaran shi ne a rage kaya ko a ja sabon layi, ba a ƙara girman na'urar ba. A sa kuma mai kare rai, difaransiyel mai miliamfiya 30, wadda ke tsinke wuta in ta bi ta jikin mutum, a riƙa danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci. In ba ta faɗi ba, ta mutu. Ralonji a kan ralonji, an bi da shi ƙarƙashin kafet, shi ma a raba shi da gidan. In kafar jona kaya ta yi zafi, ko ta yi tabon ƙuna, ko kana jin warin roba, kashe layin nan take ka kira mai sana'a. Sannan in an ɗauke wuta, a cire dutsen guga da abin dafa ruwa, don sau da yawa ana mayar da ita ne bayan kowa ya fita ko ya yi barci.

Gaz ba sai na tsawaita ba. Ya fi iska nauyi, in yana zuba ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ba a ajiye butalinsa a ɗakin da ba iska ko ƙarƙashin matakala. Tiyo yana da kwanan wata a jikinsa, in ya wuce ko ya tsattsage a sake. Ana gwada zuba da ruwan sabulu, ba da ashana ba. In ka ji wari, rufe butali, buɗe tagogi, kada ka taɓa maɓallin fitila. Man girki in ya kama, a rufe tukunyar da murfi a kashe gaz, kada a watsa ruwa. Injin wuta kuma ba wurinsa ba ne baranda ko farfajiyar matakala, kuma ba a zuba masa mai yana da zafi.

Akwai wani ado da ya shigo mana, falle-fallen alminiyom masu ƙyalli da ake lulluɓe gaban gini da su, waɗanda ma'aikata ke kira Alucobond ko na wane kamfani ne. Ba duka iri ɗaya ba ne. Wani tsakiyarsa roba ce zalla mai cin wuta, wani an haɗa shi da ma'adinin da ba ya kamawa da sauƙi, kuma daga waje ba ka bambancewa. A Landan, daren 14 ga Yunin 2017, firigo ya kama a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24. Wutar ta fita ta taga ta kama irin wannan lulluɓi mai roba, ta haye ginin cikin ƙanƙanin lokaci, mutum 72 suka rasu. Matakalar ginin ɗaya ce, kuma ƙofofi da dama ba sa rufe kansu yadda aka tsara. Duk mai niyyar sa wannan ado a gidan da mutane ke kwana, ya nemi takardar kayan ya ga ajinsa na jure wuta kafin ya biya. In mai sayarwa ba shi da takarda, fenti ya wadatar.

Jan butalin kashe wuta da ke rataye a bango, a gidaje da yawa ado ne kawai. Duba allurarsa, in ba ta kan kore ba, fanko ne ko ya lalace, kuma ana duba shi kowace shekara. Mai hoda na kilo 6 cikin ƴan daƙiƙoƙi yake ƙarewa, don haka na wutar da ta fara ne, a saita shi gindin wuta, bayanka yana fuskantar ƙofa. Wani kuskuren shi ne jinkirin kira: sai an gama fama da bokiti an kasa, sannan a tuna da 18. A kira tun farko. A faɗi unguwa, da sanannen wuri kusa, da hawa na nawa, da ko akwai mutane a ciki, a tura yaro bakin titi ya tari motar, a kuma janye motocin da suka tare ƙofa.

Duk waɗannan suna komawa ga tambaya ɗaya wadda ba ma son yi: wa ke da alhakin ginin? Mai gida yana Kwatano ko Dubai, dillali kuɗin haya kawai ya sani, mai gadi umarni yake bi, ɗan haya yana cewa ba gidana ba ne. An karɓi izinin gina hawa biyu daga ma'aikatar magajin gari, kasuwa ta yi kyau, aka ƙara biyu a kai da matakala ɗaya siririya. An ce ƙasa gareji ne, aka mayar da shi ɗakin ajiyar katifu ko fenti. Izinin gini ba takardar kore ma'aikatan gwamnati ba ce. In tsari ya canza, komawa ake yi a sake dubawa, kuma mai gida yana iya neman jami'an kare fararen hula ko ƴan kashe gobara su leƙa ginin kafin ƴan haya su tare. Faransa ta ware gidajen kwana da suka haura mita 50 da dokoki na musamman, amma kada mai hawa biyar ya ce shi ba ruwansa, ginin Johannesburg hawa biyar ne.

Mazauna Grenfell sun yi ta koke tun kafin gobarar, ba a saurare su ba. Rahoton ƙarshe na kwamitin bincike, wanda ya fito ranar 4 ga Satumban 2024, ya ce duk mace-macen abin da za a iya kauce wa ne, ya kuma raba laifi tsakanin gwamnati, kamfanonin kayan gini, ƴan kwangila da masu kula da ginin. Dokar da Ingila ta yi a 2022 ta wajabta wa kowane dogon gidan kwana ya kasance da wanda aka san sunansa a matsayin mai ɗaukar alhakin tsaronsa. Wannan ko ba doka muna iya yinsa a Yamai. Mukan ce ƙaddara ce, kuma mun yi imani da ƙaddara, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a gida lokacin barci, ya kuma ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali.

Ƴan haya su zauna sau ɗaya, ko bayan sallar isha'i ne, su zaɓi mutum guda, su rubuta abin da suka gani: kwaɗon ƙofa, kayan ƙarƙashin matakala, allon kwantoci, butalin da allurarsa ta faɗi. A sa kwanan wata, kowa ya sa hannu, a ba mai gida ko dillali, a riƙe kwafi da hotuna a waya. Maganar baki iska ke ɗauke ta. In wata ya wuce shiru, a kai kwafin ma'aikatar magajin garin da'irarku. Mai neman haya kuma, kafin ya zube kuɗin wata uku, ya hau matakalar da ƙafarsa har sama, ya murɗa ƙofar rufin gini ya ga ko tana buɗewa, ya tambayi wa ke riƙe makullin ƙasa da dare.

Gidan can kuwa, na koma bayan sati biyu don ƙarasa aikina. An kwashe katifar da bidon esansin, kuma Baba mai gadi ya nuna mini makullai takwas da aka yanko, kowane da sunan gida a ɗan ƙyalle. Baburan nan biyu dai suna nan ƙarƙashin matakala, masu su sun ce sai an yi musu rumfa a waje.